Ledojin Ermelinda

Ƙarfe shida a Porto, gari bai gama buɗe ido ba,
Pardal ya riga ya kafa hanci a ƙofa.
Karen matata ne, ni gado na ci.
Ta bar mini shi, da agogon bango mai gaggawa,
ta tafi cikin sanyin bara.

Mukan gangara kan duwatsun titi masu santsi
har inda ake hango kogin Douro,
shi yana ja, ni ina lallashin gwiwa.
Sau biyu a rana yake tsugunawa, wani bi uku.
Ya zaɓi wuri kamar mai sayen fili,
ya juya, ya sake juyawa, ya dube ni:
to, Abílio, saura naka.

Ban san kashi na da tsada ba
sai da na tsaya a kantin kayan dabbobi.
Yarinya mai ƙarfe a hanci ta jera mini:
wannan mai ƙamshin fure ce,
wannan daga masara aka yi ta, ƙasa na cinye ta,
wannan da zanen sawun kare a jiki.
Na juya ƙunshin, na ga kuɗin,
na auna da fanshon tsohon direban bas,
na ce mata bari in je in dawo.
Ita ma ta san ba dawowa zan yi ba.

Na samo wasu a shagon lungu,
ɗari biyu a kuɗin gahawa kofi biyu.
An ce araha ba ta ado,
ba wanda ya gaya mini tana tona asiri:
ranar Lahadi, a ƙofar coci, jama'a na fitowa,
yatsana ya huda ta ya wuce.
Dona Graciete ta cusa dariyarta cikin gyale.
Na wanke hannu a famfon dandali
har ruwan ya gaji da ni.

Na gwada jarida, ruwan sama ya ce a'a.
Na riɓa leda biyu, araha ta koma tsada.
Wani dare na duba hagu, na duba dama, ba kowa,
na ja igiya na ce mu tafi abinmu.
Taku uku na yi.
Na tuna takalman yara masu sammakon makaranta,
na tuna bakin Ermelinda.
Na koma na kwashe da ambulan ɗin kuɗin wuta.

Jiya ina neman batir a kicin
na fizgo aljihun tebur na can ƙasa,
mai cijewa, wanda ban taɓa damuwa da shi ba.
Ledojin burodi ne maƙil.
Kowace an kakkaɓe ta, an ninke ta
'yar ƙarama mai kusurwa uku,
da sunan gidan burodin Custódio a jiki,
wasu tun da tsohuwar lambar wayarsa.
Shekara nawa ina ce mata,
ke kam me kike yi da tarin shara?
Sai ta ce, ci burodinka.

Na zauna a ƙasa ina ƙirga.
Ina ɗari uku da sha ɗaya
Pardal ya zo ya zura kai ciki,
ya daɗe yana shaƙa.
Ban sani ba, burodi yake ji ko hannunta.

Yau da safe na warware guda.
Ba ta yage ba.
Ɗumin ya ratso har tafina.
Na ƙulle bakinta irin ƙullin mai ita,
na jefa a kwandon da ke gefen tashar bas.
In sau biyu ne kullum, za su kai mu kaka.
In kuwa uku ne,
to.
Na biya ta wajen Custódio,
na sayi ƙananan burodi biyu,
na ce ya sa mini kowanne a ledarsa.